Yadda ake duba tsohuwar jif kafin a biya kuɗi a Sakkwato

Tsohuwar jif matsakaiciya, irin su Toyota Highlander, Lexus RX, Honda Pilot, Nissan Pathfinder da 4Runner, sau biyu ake duba ta a garin nan: da sassafe tana sanyi ba wanda ya tashe ta, sai kuma da tsakar rana wajen ƙarfe biyu. Dillali zai fi son ka zo bayan la'asar, an wanke ta, an ɗumama injin, ka zagaya sau ɗaya ka dawo. A irin wannan lokaci kowace mota lafiyayya ce. Abin da ke kashe waɗannan motoci a wurinmu zafi ne, domin daga Maris zuwa Mayu ma'auni kan haura digiri 40 kwana da kwanaki, kuma duk abin da ya yi rauni a lagireto, giyabos ko na'urar sanyi, a nan yake tona kansa. Saboda haka tun ranar farko ka gindaya sharaɗi: “Malam, a bar ta ta kwana nan, kar kowa shi tashe ta sai na taho.” Wanda ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya ba ka rabin amsa.

Ka zo da bakanikenka, ba na mai mota ba, ba kuma wanda dillali ya nuna maka ba. Ka biya shi kuɗin yini tun kafin a fara, don kada ladansa ya rataya a kan ƙulluwar ciniki. Ku riƙe tocila, ƙaramin maganaɗisu, farin tsumma, da mai na'urar sikanin, wadda ke karanta laifuffukan da kwamfutar mota ta adana.

Wace iri ce ta dace da kai

Highlander da Lexus RX an gina su ne a kan tsarin Camry, jiki da shasi a haɗe. Suna da taushi a kwalta, kayansu na samuwa, amma ba motocin rairayi ba ne. 4Runner, Prado da Pathfinder ta 2005 zuwa 2012 jikinsu a kan ƙarfen shasi yake zaune, su ne na mai shiga ƙauyukan Tangaza ko Gada da damina. Mai zirga-zirga daga Mabera zuwa ofis, wani lokaci Birnin Kebbi ko Gusau, ba ya bukatar wannan nauyi. Ka kuma yi lissafin mai da gaskiya. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, mai fulogi shida ta zama abin tunani: tankin yawancinsu ya haura lita 70, kuma cikin gari da na'urar sanyi a kunne ka sa ran lita 13 zuwa 16 a kilomita 100. Da yawa daga jif ɗin da ke kasuwa yanzu ba lalacewa ta fito da su ba, shan mai ne, kuma irin waɗannan ake nema.

Takardu kafin bonet

Ba a buɗe bonet sai an gama da takarda. Lambar shasi haruffa da alƙaluma 17 ce. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana jikin takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, an kuma buga ta a jikin ƙarfen motar. Duka su zo ɗaya, su kuma yi daidai da abin da ke takardun kwastan da lasin. Babu I, O ko Q a lambar shasi ta gaskiya. In ka ga alamar walda, goge ko sabon fenti kewaye da inda aka buga ta, ka yi sallama ka tafi.

Harafi na goma shi ke faɗin shekarar motocin da aka yi wa kasuwar Amurka: 1 zuwa 9 na nufin 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Wannan na da amfani saboda masu canza fuska. Ana ɗaukar Highlander ta 2008 a sa mata fitilu da bamba na 2012, a sayar da kuɗin 2012. Fitila na canzuwa, lamba ta goma kuwa 8 za ta ci gaba da nunawa.

Sai batun diyuti, wato kuɗin kwastan, wanda a Sakkwato ba abin wasa ba ne. Illela na nan kusa, Birnin Ƙonni na tsallake, kuma tun 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. An ci gaba da shigo da su ta bayan fage, wasu da takardun jabu, wasu da takardun wata motar daban. Kasancewar mota ta shekara biyar da lambar Najeriya ba ya wanke ta. Ranar da ka nufi Kaduna ko Abuja, jami'an kwastan na iya tsayar da kai su riƙe ta. Ka ɗauki kwafin takardun da kanka ka kai ofishin kwastan a tantance lambar. Kada ka aiki dillali. Ka duba sunan da ke takardar mallaka: shi ne mai sayarwa? In ba shi ba ne, ina takardun cinikin da suka haɗa su, hannu bayan hannu?

In 'yar Kwatano ce ko wadda bai daɗe da sauka ba, ka rubuta lambar shasin a intanet. Motocin da suka bi ta gwanjon Copart a Amurka sau da yawa hotunansu na nan, yadda suke kafin mai gyaran jiki ya taɓa su. Minti biyar ne, kuma yakan kashe dogon musu.

Jiki da ciki

Wannan ba ya cin lokaci. Ka tsaya a kusurwa ka kalli gefen motar cikin hasken rana: fenti mai kala biyu ko mai tudu da kwari alamar gyara ce. Ka bi ƙofofi da maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa an cika da fila. Tazarar bonet da ƙofofi ta zama ɗaya hagu da dama. Notocin da ke riƙe da bonet da fuka-fukan gaba, in fentinsu ya ƙwarzane, an taɓa kwance su. Ƙaramin karo ba abin gudu ba ne, wace tsohuwar mota ce keke-napep bai goga ba? Abin gudu shi ne ƙarfen gaba da aka ja aka miƙe, ko ginshiƙi da aka yi wa walda.

A ciki ka ɗaga kafet, ka leƙa ramin safaya taya, ka ja bel ɗin kujera har ƙarshensa. Busasshen taɓo, layin ruwa, tsatsa a ƙarfen ƙarƙashin kujera ko warin rima na nuna ta sha ambaliya. Motar ambaliya wayoyinta ke ruɓewa a hankali, yau gilashi, gobe fitila, jibi kwamfuta. Ban ba kowa shawarar saye ba ko da rabin kuɗi. Tsagewar dashbod kuwa, wadda ta zama ruwan dare a RX330 da RX350 na farko, rana ce kawai. A rage kuɗi a wuce.

Mitar tafiya kada ka ba ta amana. Ta Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka 150,000 a fuska kilomita 240,000 ke nan. Ana kuma mayar da ita baya. Za ka ji an ce, “Alhaji, motag ga lahiya lau take, wata Hajiya ta ka hawanta, daga gida sai ohis.” To, ka dubi robar burki, fatar sitiyari da gefen kujerar direba. Su ba a mayar da su baya.

Injin yana sanyi

Da ka iso ka ɗora hannu a kan injin. In da ɗumi, an tashe ta. A ɗage zuwa gobe.

Fara da lagireto, kuma yanzu ne kaɗai lokacin da za ka iya buɗe murfinsa ba tare da ƙonewa ba. Ruwan sanyaya na Toyota ja ne ko ruwan hoda, na Honda shuɗi. In ka tarar da ruwan rijiya mai tsatsa, ka san an daɗe ana cutar injin, domin ruwa zalla yana cin famfon ruwa ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto. In akwai maiƙo yana yawo a sama, matsalar ta fi haka. Ka matsa manyan robobin ruwa: kada su yi tauri kamar za su tsage, kada kuma su yi laushi su kumbura. Ka duba saman lagireto na roba ko ya fara canza launi ya yi tsaga.

Sai tambaya ta gaba, wadda bakanike zai gane da ido: an cire tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi? An haɗa fanka kai tsaye, tana tashi da an murza makulli? Kanikawa da yawa na yin wannan da sunan wai motar Turai ba ta san zafinmu ba. Ni ban yarda ba. Irin waɗannan injina suna aiki a Saudiyya da hamadar Arizona da tamostat ɗinsu. Galibi an yi haka ne ranar da ta fara ɗaukar zafi, maimakon a nemo dalili. Fanka kai tsaye shaida ce cewa akwai tarihi, sai ka tambayi tarihin.

Zaro sandar baƙin mai ka goga a farin tsumma. Baƙi ba laifi ba ne. Launin shayi da madara na nufin ruwa ya shiga, gaskit ɗin da ke rufe tsakanin kan inji da jikinsa ya tafi. Mai mai kauri yana danƙo yana ja kamar zare kuwa an zuba maganin ɓoye ƙara ne. Yawancin waɗannan injinan Toyota masu fulogi shida, baƙin mai mai lamba 5W-30 kamfani ya rubuta musu. Buɗe murfin zuba mai ka haska tocila. Injin lita 3.0 na RX300 da Highlander ta 2001 zuwa 2003 ya yi suna wajen tara daskararren baƙin datti in ba a juye mai a kan kari ba. In ka ga dunƙule-dunƙule a ƙarƙashin murfi, abin da ke can ciki ya ninka.

Kowace iri da inda take ciwo, kuma nan ya kamata a daɗe. Highlander mai fulogi huɗu, lita 2.4, ta fi sauƙin mai, amma zaren notocin kan injin yakan saki ta baya, ruwa ya riƙa tsiyaya a bayan injin. A sa hannu da tocila a duba wurin. Injinan lita 3.0 da 3.3 na Highlander da RX bel ne ke juya su a ciki, ba sarƙa ba, kuma ana canza shi duk mil 90,000. Lita 3.5 na RX350 daga 2007 da Highlander daga 2008 sarƙa ne, sai dai na farkonsu suna da wani bututun mai da ke da guntun roba a tsakiya, wanda kan fashe ya zubar da mai cikin mintoci. A duba ko an sa na ƙarfe zalla. Honda Pilot ta 2003 zuwa 2008 ita ma bel ce, kuma in ya tsinke ana tafiya fistin na dukan bawul, aikin ya zama na sauke kan inji. Littafin Honda da kansa ya ce mai tuƙi a zafin da ke wuce digiri 43 ya canza bel ɗin a mil 60,000, kada ya jira lokacin da aka saba. Mu ake nufi. In babu wata shaida ta ranar da aka canza, ka ɗauka ba a canza ba, ka sa kuɗinsa da na famfon ruwa cikin lissafi. Pathfinder ta 2005 zuwa 2010 kuwa lagiretonta kan fashe ta ciki, ruwa ya gauraya da man giya ya kashe giyabos. A duba ruwan da man giya duka biyu, in ɗaya ya yi kauri ya yi fari-fari, ciniki ya ƙare.

Yanzu murza makulli ba tare da ka tayar ba. Fitilar inji, ta burkin ABS, ta jakar iska da ta baƙin mai dole su kama, sannan su mutu bayan ta tashi. Wadda ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Ka sa bakanike ya tsaya a baya wajen salansa, kai ka tayar. Ta tashi bugu ɗaya. Ƙarar kaca-kaca ta daƙiƙa ɗaya ko biyu tana faruwa a tsohon inji. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa wadda ke bin totur, wannan inji ne mai shirin bugawa. Shuɗin hayaƙi cin baƙin mai ne, baƙi yawan fetur, fari mai kauri da ba ya yankewa ruwa ne ke ƙonewa. Ɗan tururi da safiyar hunturu ba komai ba ne. Kafin ta yi zafi ka leƙa bakin lagireto: kumfa mai tasowa ba ƙaƙƙautawa na nuna iskar inji na shiga ruwa. Ka mayar da murfin.

A kan rami

Ku kai ta gareji mai rami. Ƙasarmu busasshiya ce, mota ba ta tsatsa a Sakkwato, don haka duk tsatsar da ka gani daga wani wuri ta zo da ita, yawanci gishirin da ake zubawa a titunan Kanada da arewacin Amurka lokacin ƙanƙara. A 4Runner da Pathfinder a ƙwanƙwasa ƙarfen shasi da guduma, musamman ta baya. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashi abin tuhuma ne.

A nemi yoyon mai a injin, giyabos da sitiyari. A girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama, don jin boljoyin da tayarod. Robobin shaf kada su yage. Shokozoba kada ta jiƙe da mai. In an ce maka mai jan ƙafa huɗu ce, ka ga dogon shaf ɗin da ke zuwa baya da idonka, domin ana cire shi in ya fara damu a bar mutum da suna kawai. Ka kuma duba tukunyar tace hayaƙi da kanikawa ke kira indomi. Ana fasa ta a kwashe cikin a sayar, a mayar da walda. Motar sai ta ƙara wari.

Tayu huɗu su zama girma ɗaya, balle a mai jan ƙafa huɗu. Alƙaluma huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT su ne mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya mai kyan zane ita ke fashewa a hanyar Tambuwal da azahar. Cin gefe ɗaya na nuna ƙafa ta karkace.

A nan ne mai sikanin zai jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari. Kada ka tsaya a “babu kod”. Ka ce ya nuna maka ko gwaje-gwajen kwamfutar motar sun kammala. In yawancinsu ba su kammala ba, kwanan nan aka goge laifuffukan ko aka cire kan batir. P0420 na nuni ga tukunyar hayaƙi, P0300 fulogi ko koyil na tsallake wuta, P0171 iska ta fi mai yawa, duk wanda ya fara da P07 kuwa giyabos ne. Batir, in mota na kashe, ya ba da wajen volt 12.6, in tana aiki 13.5 zuwa 14.5.

Gwajin rana

Ku dawo bayan azahar. Kai za ka tuƙa, rediyo a kashe, mai motar ko wakilinsa a gefe. Kafin ka motsa, taka burki ka sa D, ka dawo N, ka sa R. Ta kama cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ba tare da duka ba. Ka fara da cunkoson cikin gari, wajen kasuwa ko titin Ahmadu Bello, sannan ka hau bayfas ka miƙi hanyar Bodinga ka kai ta kilomita 100 a awa. Giya ta riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. In allurar inji ta haura motar ba ta ƙara gudu ba, giyabos na zamewa. RX300 mai jan ƙafa huɗu da Pilot ta 2003 da 2004 sun fi sauran wannan rauni, kuma sau da yawa sai mai ya yi zafi yake bayyana, shi ya sa zagayen minti biyar ba ya nuna komai. A yi aƙalla minti 40.

A wuri mai fili ka sassauta riƙon sitiyari ka ga ko tana ja gefe. Ka taka burki da ƙarfi sau ɗaya. Rawar sitiyari na nufin faifan burki ya lanƙwashe. Gurnani mai ƙaruwa da gudu boris ɗin taya ne. Ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali: ƙas-ƙas shaf ne. Ka sauka kwalta ka bi hanyar burji kaɗan don jin ƙafafu, in mai giyar taimako ce ka sa ta a rairayi ka tabbatar tana shiga tana fita.

Da kun dawo kada a kashe. A ajiye ta a rana, ba a inuwar dogon yaro ba, na'urar sanyi a ƙure, a bar ta minti 20 zuwa 30. Wannan shi ne gwajin da ya fi kowane. Allurar zafi ta tsaya inda take, ƙasa da rabi ko daidai rabi. Mai sikanin ya nuna maka zafin ruwa a lamba: tsakanin digiri 85 da 100 daidai ne, in yana ta hawa ba ya sauka akwai magana. Fankoki su riƙa aiki. Sanyin kuma kada ya gudu don mota ta tsaya. In sai ana gudu take sanyi, ko fanka, ko kwandensa, ko kwamfireso ya gaji. In an ce “gas kawai za a ƙara”, ka tambaya ina na da ya tafi. Yoyon da ke cikin dashbod sai an sauke dashbod gaba ɗaya. In akwai na'urar sanyi ta baya, a gwada ta ita ma.

Sannan a kashe, a jira minti goma, a sake tayarwa. A zaro sandar man giya in tana da ita: ja ko ja mai duhu, ba baƙi mai ƙauri ba. A matsar da motar a dubi ƙasan inda ta tsaya. Ruwa fari daga na'urar sanyi daidai ne, duk wani abu mai launi a bi sawunsa.

Ciniki

Ku koma gefe kai da bakanike ku rubuta duk abin da aka gani, ya sa wa kowanne kuɗin kaya da na aiki, ka buga waya wurin masu sayar da kayan gyara ka tabbatar. Abu huɗu ba a ciniki a kansu: takardun da ba su tantance ba, shasi mai walda, ambaliya, da ruwa cikin mai. Sauran duka kuɗi ne, a cire daga farashi. Da takardar a hannu za ka taya, ba da “a rage mini don Allah” ba. Ka kuma ware abin da za ka kashe makon farko ko da lafiyarta ƙalau: baƙin mai da matata, matatar iska wadda ƙurar hunturu ke toshewa, ruwan sanyaya na gaske, tamostat in an cire, bel in babu tarihinsa.

A yi maganar la'ada tun kafin a sallama, wa zai biya kuma nawa, domin dillalan kan zama uku a kan mota ɗaya. In za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta sharaɗin mayarwa idan kwastan suka ce takarda ba ta yi ba. Ka tura kuɗi ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takarda. A rubuta yarjejeniya da lambar shasi, lambar inji, farashi da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, a haɗa da kwafin katin shaidar mai sayarwa. Ka karɓi takardun asali da makulli na biyu a wurin, ka yi canjin mallaka a ofishin lasin cikin makon, ka kuma sabunta inshora da sunanka; mafi ƙanƙanta ta motar gida naira 15,000 ce tun Janairun 2023.